Shin na'ura mafi ƙarancin ƙwaƙwalwa ce ke faɗin gaskiyar abin da zai biyo baya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina aji uku a jami'a. An ba mu wannan jeri: 0, 1, 1, 0, 1, 0, 0, 1, 1, 0, 0, 1, 0, 1, 1, 0, wato amsoshin wani fankshan (ƙa'idar da ke ba kowace lamba amsarta) daga lamba 0 zuwa 15, aka ce mu faɗi abin da zai bayar a kan 16. Malaminmu ya ce mu nemo otomaton mafi ƙarancin halaye da ya dace da jerin, abin da ya faɗa shi ne amsa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, me ya sa ƙaramar na'ura za ta fi babba gaskiya? Kuma idan na same ta, shi ke nan na tabbata amsata daidai ce?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ne a nan: hujjar fifita ƙaramar na'ura, da kuma ko samun ta yana nufin tabbas. Bari in ba ka amsar ta biyun tun yanzu don kada in ja maka rai: a'a. Malaminku bai yi kuskure ba, hanyar da ya nuna muku tana da tushe mai ƙarfi, amma akwai sharuɗɗa a ƙarƙashinta, kuma jerin da aka ba ku ya fi duk wani misali da zan iya ƙirƙirowa fito da sharuɗɗan fili.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Tebur mai layi 16 ba ya tilasta wa layi na 17 komai. Ka ce amsar 0 ce, akwai ƙa'idar da za ta fitar da jerin nan duka sannan ta ba da 0. Ka ce 1 ce, ita ma akwai tata. Ga misalin da nake ba ɗalibai: zana da'ira, ka ɗiga ɗigo a bakinta, ka haɗa kowane ɗigo da sauran da miƙaƙƙen layi, ka ƙirga yankunan da cikin da'irar ya rabu. Ɗigo ɗaya yanki 1, biyu 2, uku 4, huɗu 8, biyar 16. Kowa zai rantse shida za su ba da 32. Iyakar abin da za ka samu 31 ne. Ashe duk mai hasashe, ya sani ko bai sani ba, ya riga ya ɗauki wani zato game da abin da ya haifi lambobin. Zaton da malaminku ya ɗauka shi ne: abin da ya fitar da jerin nan ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a kansa.

Wace ƙwaƙwalwa ake nufi

Otomaton mai iyaka na'ura ce da ke karanta alama ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane lokaci tana cikin hali ɗaya daga cikin ƙidayayyun halaye. Halin da take ciki da alamar da ta karanta su kaɗai ke yanke halin da za ta koma. Ba ta da takardar rubutu, ba ta waiwaye. Ka tuna mai jan carbi: ba ya riƙe ƙidaya a ransa, ƙwayar da yatsansa ke kai ita ce duk abin da ya sani game da inda ya kai. Yawan halaye shi ne ƙwaƙwalwar. Halaye 8 suna shiga cikin bit 3 (bit gurbi ne mai riƙe 0 ko 1), halaye 1024 cikin bit 10. George Mealy a 1955 da Edward Moore a 1956 su suka tsara nau'o'in nan biyu da kuke karantawa, ɗaya amsarsa na kan hanyar sauya hali, ɗaya kuma na kan halin kansa.

Abin da ya ba maganar "mafi ƙanƙanta" ma'ana shi ne binciken John Myhill a 1957 da Anil Nerode a 1958. Ga shi a taƙaice: tarihi biyu na abin da na'ura ta karanta, idan babu wani ci gaba da zai sa amsarsu ta bambanta, to babu dalilin ware musu halaye biyu. Ɗauki tambayar ko lamba tana rabuwa da 3, an rubuta ta da sifili da ɗaya. Duk tsawon lambar, abin da kake buƙatar riƙewa ragowa ce kawai, 0 ko 1 ko 2. Ka karanta sabuwar alama, ka ninka ragowar biyu, ka ƙara alamar, ka sake ɗaukar ragowa. Halaye uku sun gama aiki, ko da lambar ta kai alama miliyan. Idan fankshan ɗin cikakke ne, an san amsarsa a ko'ina, na'urarsa mafi ƙanƙanta ɗaya ce tak, kuma John Hopcroft ya ba da hanyar samo ta cikin sauri a 1971. Amma kai ba cikakken fankshan ke hannunka ba, guntu ne. A kan guntu, wannan kaɗaitar ba ta nan.

Mu gwada da jerinka

Akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ce uwar matsalar: ta wace siga za ka ba na'urar lambar?

Siga ta farko, ka riƙa ba ta bugu ɗaya-ɗaya kamar agogo, a kowane bugu ta faɗi amsa. Irin wannan na'ura ba ta da zaɓi, daga kowane hali hanya ɗaya ce gaba, don haka dole wata rana ta dawo inda ta taɓa tsayawa ta shiga zagaye. Siffarta kamar igiya ce mai zarge a ƙarshe: jela, sannan zagaye. Na zauna na gwada duk tsawon zagayen da zai yiwu a kan lambobinka 16. Mafi ƙanƙanta halaye 12 ne, kuma na'urori biyu ne suka yi kunnen doki. Ta ɗaya ba ta da jela, zagayenta 12, domin huɗun farko, 0, 1, 1, 0, su ne suka sake fitowa a ƙarshe. Ita ta ce amsar 16 ita ce 1. Ta biyu jelarta 6, zagayenta 6, domin daga matsayi na 6 abin da ya zo, 0, 1, 1, 0, ya maimaitu daga matsayi na 12. Ita kuma ta ce 0. Girmansu ɗaya, dukansu sun dace da teburin ɗari bisa ɗari, amsarsu ta saɓa. Ka ga ke nan umarnin "nemo mafi ƙanƙanta" shi kaɗai bai raba gardama ba.

Siga ta biyu, ka rubuta lambar da sifili da ɗaya ka ba na'urar ta karanta. 3 ita ce 11, amsarta 0. 7 ita ce 111, amsarta 1. 13 ita ce 1101, amsarta 1. 15 ita ce 1111, amsarta 0. Ka lura? Idan yawan ɗaya-ɗayan da ke cikin lambar mara ne amsa 1 ce, idan cika ne amsa 0 ce. Halaye biyu sun isa: ta ga 1 ta sauya hali, ta ga 0 ta zauna inda take. 16 ita ce 10000, ɗaya guda ke cikinta, amsa 1.

Wannan jeri sananne ne. Eugène Prouhet ya taɓo shi a 1851, Axel Thue ɗan Norway ya yi aiki a kansa a farkon ƙarni na 20, Marston Morse ya sake gano shi a 1921, shi ya sa ake kiransa jerin Thue da Morse. An tabbatar cewa ba ya taɓa shiga zagaye har abada, don haka duk na'urar bugun agogo da ka gina masa sai ta faɗi wata rana, komai girmanta. Har ila yau, daga wani sakamako da Alan Cobham ya tabbatar a 1969, mun san cewa da za ka rubuta lambobin da goma-goma irin na yau da kullum, babu otomaton mai iyaka da zai iya fitar da shi. Jeri ɗaya ne: ta wata siga halaye biyu, ta wasu sigogin kuwa ko halaye tiriliyan ba za su isa ba. Wannan ne abin da nake so ɗalibai su riƙe fiye da komai a darasin. Ƙanƙanta ba sifar jerin ba ce shi kaɗai, sifar jerin ce tare da yadda ka gabatar da shi.

Me ya sa ake yarda da ƙarama

Hujjar ƙidaya ce. Nawa ne duka na'urori masu halaye biyu da ke karanta 0 da 1? Hanyoyin sauya hali huɗu ne, kowace tana da zaɓi biyu, 16 ke nan. Amsar kowane hali 0 ko 1, zaɓi 4. Jimla 64. Teburorin da za a iya rubutawa masu layi 16 kuwa 65,536 ne. Da a ce an jefa kwabo ne aka cika teburinka, damar ɗaya daga cikin na'urori 64 ta dace da shi ba ta wuce ɗaya cikin 1024 ba. Tunda ta dace, da wuya a ce sa'a ce. Yanzu dubi mai halaye 12 a kan layi 16: kusan haddace teburin ta yi, layi huɗu kawai ta "hasaso". Wanda ya haddace bai nuna ya gane ba. Ƙarfin hujja yana cikin tazarar da ke tsakanin yawan bayanan da ƙanƙantar na'urar. Wannan tunanin ne Ray Solomonoff a 1964 da Andrey Kolmogorov a 1965 suka faɗaɗa zuwa shiri mafi gajarta a kowace irin kwamfuta, sai dai nasu ma'aunin an tabbatar babu kwamfutar da za ta iya lissafa shi gaba ɗaya. Ƙirga halayen otomaton ƙanensa ne mai rauni, amma shi ana iya lissafa shi.

Akwai kuma inda zato ke zama tabbas. Na'urori biyu, ɗaya mai halaye n ɗaya mai m, idan sun bambanta a wani wuri, to dole bambancin ya bayyana a kan shigarwar da tsawonta bai wuce n + m − 2 ba. Asalin wannan yana cikin aikin Moore na 1956. Teburinka ya ƙunshi duk lambobi masu alama huɗu ko ƙasa da haka. Saboda haka, idan na'urar asali ba ta wuce halaye 4 ba, kuma sifilin gaban lamba ba ya canza amsa, to na'urarka mai halaye biyu daidai take a kan kowace lamba, ba 16 kaɗai ba. Amma kula da "idan" ɗin. Teburin ba zai taɓa gaya maka iyakar halayen ba, daga waje kake kawo wannan sanin. Sannan kuɗin tabbas ɗin yana hauhawa da sauri: idan taka da ta asalin kowace halayenta 10 ne, ana buƙatar gwajin duk shigarwa har tsawon 18, wato shigarwa 524,287. Idan kowace halayenta 20 ne kuwa, adadin ya haura biliyan 549.

Inda take ruɗar mutum

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan fanni akwai Juma'ar da Larabarta ba ta nuna komai. Ɗauki shekarun da Fabrairu ke yin kwana 29 a kalandar Miladiyya. Ka ba na'ura bayanan 1901 zuwa 2099, shekara 199 cur, za ta kawo maka zagaye mai halaye 4 wanda bai kuskure ko sau ɗaya ba. Sai 2100 ta zo, ta ce Fabrairu 29 ne, alhali 28 ne. Dokar da Fafaroma Gregory na 13 ya kafa a 1582 ta cire shekarun ɗari-ɗari sai waɗanda ke rabuwa da 400. Shekarar 2000 tana rabuwa da 400, shi ya sa ta wuce ba ta tona asirin ba. Ta bugun agogo, cikakkiyar dokar tana cin halaye 400. Ta karanta shekarar da goma-goma daga hagu zuwa dama kuwa, da na bi hanyar Myhill da Nerode na lissafa, halaye 7 ne kacal. Ka gwada da kanka, atisaye ne mai kyau, kuma ya sake nuna maka tasirin siga.

Na ɗanɗana irin wannan a wurin aiki. An taɓa kawo min wata na'urar sarrafa cajin batirin sola, babu takardar bayaninta, ana so a san dalilin da take kashe kanta ta ƙi tashi sai an cire mata wuta gaba ɗaya. Na tattara bayanan aikinta na makonni, na gina ƙaramar na'ura mai halaye biyar da ta dace da su, na gwada ta a kan bayanan da na ware gefe, ta ci duka. Amma mutuwar nan ba ta cikin hasashenta. Sai da na ɗora na'urar a kan teburin gwaji na riƙa ɗora mata lodi fiye da ƙima da gangan, sau da yawa a jere, sannan na gano tana ƙirga su ne a ɓoye, idan suka kai wani adadi sai ta kulle. A cikin bayanan da na tara ba a taɓa yi mata haka fiye da sau biyu a jere ba. Halayen ƙirgar suna nan tun farko, bayanan ne ba su taɓa taka su ba, dabarar neman mafi ƙanƙanta kuma aikinta ke nan ta haɗe duk halayen da ba ta ga shaidar bambancinsu ba.

Akwai kuma abin da asalinsa ba otomaton ba ne sam. Duba ko baka-baka a cikin lissafi sun rufe daidai yana buƙatar ƙirga marar iyaka, babu ƙidayayyun halayen da za su iya. Ko ka dubi kalandar Hijira ta lissafi, mai zagayen shekara 30 da 11 daga ciki ke da kwana 355. Tana da amfani wajen buga kalanda, amma wata a sama matsakaicin zagayensa kusan kwana 29.53 ne, kuma ganinsa ya danganta da wuri da yanayi. Kowace irin na'ura ka gina daga tarihin farkon azumin shekarun baya, kusantowa kawai za ta yi.

Nemo ta ma aiki ne

A jerinka ido ya isa. Idan bayanai suka yi yawa kuma da giɓi a cikinsu, lamarin ya canza. Mark Gold ya tabbatar a 1978 cewa nemo otomaton mafi ƙanƙanta da ya dace da misalai yana cikin matsalolin nan masu taurin NP, wato waɗanda har yau ba a san wata hanya mai sauri ta warware su ba. Leonard Pitt da Manfred Warmuth suka zo a 1989 suka nuna ko kusantar mafi ƙanƙantar ma haka take da tauri. A shekarar dai, Michael Kearns da Leslie Valiant suka nuna cewa duk wanda ya iya koyon kowane otomaton cikin sauri daga misalan da aka tsinto barkatai, to ya iya fasa tsarin ɓoye saƙo na RSA.

A aikace ga abin da muke yi. Ana jera misalan a siffar bishiya, kowane reshe halinsa daban, sannan a riƙa haɗe halaye biyu-biyu matuƙar haɗin bai saɓa wa wani misali ba. Hanyar da José Oncina da Pedro García suka fitar a 1992 ke nan, kuma gasar Abbadingo ta 1997 ta nuna ya fi kyau a fara haɗe waɗanda shaidar kamanninsu ta fi yawa. Tana da sauri, amma ba ta yi alkawarin mafi ƙanƙanta ba. Mai son ainihin mafi ƙanƙanta yakan mayar da tambayar zuwa matsalar SAT, wato duba ko za a iya cika wasu sharuɗɗan i ko a'a duka a lokaci ɗaya, kamar yadda Marijn Heule da Sicco Verwer suka yi a 2010, ya tambayi manhaja ko halaye 3 za su isa, in ba su isa ba 4, haka har a dace.

Ni dai a ganina hanyoyi biyu ne suka fi ceton mutum. Ta farko, ka taƙaita irin na'urar da kake nema idan kana da dalili. Idan ka san jerin ya fito ne daga rajista mai gusawa wadda ke tara wasu gurabenta ta mayar da sakamakon ciki, dabarar Elwyn Berlekamp da James Massey ta 1968 da 1969 za ta ba ka rajista mafi gajarta cikin sauƙi. Mai gurabe 32 tana da halaye sama da biliyan 4, amma bit 64 na abin da ta fitar sun isa a gano ta sarai. Ta biyu ita ce wadda ta cece ni a kan na'urar solar nan: ka daina zaman kallo, ka yi tambaya. Dana Angluin ta nuna a 1987 cewa idan kana iya zaɓar shigarwar da kake so ka ga amsarta, kuma akwai mai nuna maka misalin inda zatonka ya kuskure, za ka samu na'ura mafi ƙanƙanta cikin lokaci mai ma'ana. Ba a takarda abin ya tsaya ba. A 2015 Joeri de Ruiter da Erik Poll sun bi wannan hanya suka zana halayen manhajoji tara na TLS, tsarin da ke tsare sadarwar intanet, suka gano kurakuran tsaro a uku daga ciki. Raunin hanyar shi ne, a zahiri babu mai nuna maka kuskuren, gwaji mai yawa ake sawa a madadinsa, shi kuma gwajin sai ka sake zaton iyakar halaye.

Da ni ne kai, ga abin da zan rubuta wa malam. Amsa 1 ce, bisa na'ura mai halaye biyu da ke karanta lambar da sifili da ɗaya. Zan nuna na'urar, in nuna ta dace da layi 16 duka, in kawo ƙidayar 64 cikin 65,536, in faɗi cewa tabbas ne idan tushen bai wuce halaye 4 ba. Sannan in ƙara da na'urorin bugun agogo biyu masu halaye 12 da saɓaninsu, don ya ga na san inda zaɓin siga ya shigo. Idan kuma zai yarda ya buɗe maka amsar lamba ɗaya bayan 16, kada ka tambayi 17 ko 18 ko 19, domin a kansu na'urarka da mai zagayen 12 bakinsu ɗaya. Tambayi 20. Ita ce 10100, ɗaya biyu ke cikinta, taka za ta ce 0, waccan kuma ta ce 1.